'Yar gida ce ko ma'aikaciya? Abin da sunayen masu raino ke ɓoyewa

A watan Yulin 2024, lokacin da majalisa ta amince da dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000, Shugaban Majalisar Dattawa, Godswill Akpabio, ya yi wani bayani da ya fi dokar kanta yawo a bakin jama'a. Ya ce sabon albashin ya hau kan kowa, tun daga tela mai yaran shago zuwa wanda ya ɗauki direba ko maigadi, har da mai jegon da ta nemo wadda za ta kula mata da jariri.

Maganar ta ba mutane da yawa dariya, domin kowa ya san abin da ake biyan mai raino a Kano ko Kaduna ko Sakkwato bai kama ƙafar wannan adadi ba. Rubutun dokar ma bai tafi tare da shi ba. Dokar albashi ta 2019, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta keɓe duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma babu gidan da ke ɗaukar mutum 25 don raino da shara. Gyaran ya tsaya ne kan adadin kuɗin da wa'adin sake duba shi, wanda aka rage daga shekara biyar zuwa uku.

Sai dai ko da dokar ta hau kan gidaje, akwai wata ƙofar da za a bi a sulale, kuma tana cikin harshe. Idan aka tambayi uwar gida nawa take biyan yarinyar da ke goye da ɗanta, amsar da aka saba ji ita ce, ai wannan 'yar gida ce, riƙonta ake yi. Idan aka koma aka tambaya wace makaranta yarinyar ke zuwa, sai a ce ai aiki ta zo yi. Mutum ɗaya ce da suna biyu, kuma kowane suna ana fito da shi ne a daidai lokacin da zai sauke wa gidan wani nauyi. Hausawa sun ce suna linzami ne. A sha'anin raino, sunan da aka zaɓa shi ke yanke ko za a biya mutum, ko za a sa ta makaranta, ko kuma za ta rasa duka biyun.

Raino da raini

Kalmar raino, wadda wasu ke furtawa reno, tana da faɗi. Ta ƙunshi goyo da wanka da ciyarwa da rarrashi da jinya, ta kuma ƙunshi tarbiyya. Mace na rainon ciki tun kafin ɗan ya zo duniya, kuma a labaran rediyo ana kiran ƙasashen da Birtaniya ta mulka ƙasashe renon Ingila. Duk inda kalmar ta fito tana nufin ɗaukar nauyin abu mai rauni har ya tsaya da ƙafarsa.

Kusa da ita akwai wata kalmar da wasali ɗaya ya raba su a rubutu. Idan aka ce ta raini yaron, ana nufin ta ɗauki ɗawainiyarsa. Idan aka ce ta raina yaron, ana nufin ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Asalin kalmomin daban ne, karin sautinsu ma daban, amma a gidaje da dama sun haɗu a kan mutum ɗaya, domin wadda aka damƙa wa raino ita ce aka fi rainawa a cikin gidan.

Mai raino shi ne suna mafi tsafta a cikin duk sunayen da ake amfani da su, saboda aikin kawai yake ambata. Bai faɗi shekarun mai yin sa ba, bai kuma faɗi ko akwai lada ba. Kaka mai raino ce, yaya mai raino ce, kishiyar uwa ma takan zama mai raino. Dalilin wannan shiru a fili yake. Kalmar ta girma ne a zamanin da raino ba sana'a ba ne, lokacin da gida ɗaya ke tattare da kakanni da matan 'yan uwa da 'yan mata, jariri na yawo daga wannan baya zuwa wancan ba tare da an yi maganar kuɗi ba. Karin maganar da ke cewa ɗa na kowa ne daga irin wannan zama ta fito.

'Yar raino kuwa suna ne mai fuska biyu. A Hausa, idan aka liƙa 'yar a gaban wani aiki, ma'anar na iya zama mai yin aikin, kamar 'yar talla, tana kuma iya zama wadda ake yi wa aikin, kamar 'yar riƙo. Don haka kunne na iya jin 'yar raino a matsayin mai goyo ko a matsayin abar goyo. Wanda ya taɓa ganin yarinya 'yar shekara tara tana tangaɗi da jaririn da ya kusa rabin nauyinta ya san cewa ruɗanin bai tsaya a nahawu ba.

Sunayen da aka aro daga zumunta

Riƙo tsohuwar al'ada ce mai ƙa'idoji. Kunyar ɗan fari takan sa a miƙa shi ga kaka, yaye yakan kai yaro gidan goggo ya zauna, macen da Allah bai ba haihuwa ba kuma 'yan uwa sukan ba ta ɗa ta riƙe. Littafin tarihin rayuwar Baba mutuniyar Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna yadda wannan tsari yake tafiya, domin ita Baba ba ta haihu ba, amma ta raini 'ya'yan dangi.

Abin lura shi ne wanda nauyi ke kansa. A riƙo na gaskiya, mai riƙo ce ke ɗaukar ci da sha da sutura da karatu, ita ke aurar da yarinya ta yi mata kayan ɗaki. Yarinyar na yin aikin gida, amma daidai da wanda 'ya'yan gidan ke yi. Akwai kuma idon dangi. Idan an cuce ta, labari zai kai ga kawu ko baffa kafin mako ya zagayo, a zo a ɗauke ta.

Yau ana ɗauko yarinya daga ƙauyen da uwar gida ba ta taɓa takawa ba, ta hannun dillaliyar da ba ta san iyayen sosai ba, a kira abin riƙo. An riƙe sunan, an bar ƙa'idojin. Gwajin da ke raba riƙo da aikatau ba shi da wuya. Da safe, idan 'ya'yan gidan sun sa kayan makaranta, ita me take sawa? A ina take kwana, kuma daga wace tukunya ake zuba mata? Idan ta yi rashin lafiya, asibiti ake kai ta ko tasha?

Sunayen kira ma daga zumunta aka ɗebo su. Dattijuwar da ta zo aikin raino bayan mutuwar miji ko mutuwar aure ana ce mata Baba ko Iya ko Inna. Yara kan kira budurwa Yaya ko Anti. Wannan ladabi ne mai kyau, kuma yana koya wa yara girmama na gaba. Illarsa ita ce yana sa maganar kuɗi ta zama abin kunya. Wadda ake kira Baba tana jin nauyin ta buɗe baki ta ce wata biyu ke nan ba a sallame ta ba, domin uwa ba ta bin 'ya'yanta bashin raino. A wasu gidaje har suna ake canja wa yarinya idan nata ya zo ɗaya da na suruka ko na 'yar gidan, ta shekara tana amsa sunan da iyayenta ba su raɗa mata ba.

Sunayen da aka gada daga bauta da barantaka

Rukuni na biyu ya fito daga wani tarihin daban. A gidajen sarauta da na attajirai, bayi mata da kuyangi ne ke yawan ɗawainiyar yara. Sanarwar da Lugard ya yi a 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara ɗa ne, ba bawa ba, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Najeriya. Tsakanin wannan lokaci da yau bai kai shekara ɗari ba, kuma harshe ya fi doka jinkirin sauyawa.

Bayan bauta akwai barantaka. Bara ko baranya mutum ne mai 'yanci da ya jingina da wani babba, yana yi masa hidima, shi kuma yana ci da shi, yana tufatar da shi, wata rana ya yi masa aure ko ya ba shi jari. Ba a yanka albashi a barantaka. Abin da bara zai samu ya dogara ne ga kirkin ubangidansa. Zuwan Turawa ya ƙaro kalmar boyi, wadda aka aro daga kalmarsu ta yaro, kuma suna kiran magidanci mai furfura da ita muddin yana yi musu aikin gida.

Hausa ma tana da irin wannan. Yaro na nufin ƙaramin mutum, yana kuma nufin na ƙasa da wani ko da ya haifi 'ya'ya goma, shi ya sa ake cewa yaron Alhaji. Haka yarinya. Idan uwar gida ta ce yarinyata ta tafi gida, mai sauraro ba zai iya sanin ko 'yar shekara goma ake nufi ko bazawara mai shekara talatin ba. Kalmar na yin ɓarna ta fuska biyu. Tana ƙanƙantar da babbar mace har a ga bai kamata ta yi ciniki a kan ladanta ba, tana kuma sa kunne ya saba, har idan aka kawo ƙaramar yarinya ta gaske babu wanda zai ji wani abu ya sauya.

'Yar aiki da 'yar aikatau su ne sunayen da suka fi faɗin gaskiya, domin aikatau na nufin yi wa wani aiki don a biya. Duk da haka su ne aka fi ƙyama. Iyaye a ƙauye sun fi son a ce 'yarsu tana wurin wata Hajiya a birni da a ce ta tafi aikatau, don kada abin ya bi ta har ranar neman aure. Ta haka ɓangarorin biyu, masu bayarwa da masu karɓa, suka haɗu a kan guje wa kalma ɗaya tilo da ke tabbatar da cewa akwai haƙƙin da za a biya. Sunan 'yar aiki yana da wata matsalar kuma: ba shi da iyaka. Wadda aka ɗauko don raino ita ce mai wanke-wanke da shara da wanki da aike, ita ce ta farkon tashi, ita ce ta ƙarshen kwanciya.

Nani da zaman birni

Buƙatar mai raino ta kuɗi ta ƙaru ne saboda zama ya sauya. Ma'aurata na zaune a gidan haya nesa da kakanni, mata kuma na aikin koyarwa da jinya da banki da kasuwanci. Dokar ƙwadago ta ba mai ciki hutun mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya na samun mako 16, yayin da jihohi irin su Legas da Kaduna suka kai nasu wata shida. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa na ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida. Ke nan uwa da yawa na komawa bakin aiki da jaririn da bai fara zama ba, kuma dole wani ya riƙe shi.

A nan ne kalmar nani ta shigo, musamman a Abuja da unguwannin masu hali. A tallace-tallacen da ke yawo a WhatsApp da Instagram, nani babbar mace ce, tana da wanda ya tsaya mata, wani lokaci an yi mata gwajin lafiya, an yanka mata albashin wata, an kuma faɗi ranar hutunta. Sau da yawa takan gindaya sharaɗin cewa yara kawai za ta kula da su. Aikin da take yi shi ne dai rainon da aka sani, amma sunan aro ya zo da yarjejeniya, sunan gida kuwa bai zo da ita ba. Laifin ba na Hausa ba ne, domin mai raino ta isa ta ɗauki duk ma'anar da nani ta ɗauka. Abin da ya bambanta su shi ne wadda ake kira nani ta san farashinta, kuma tana iya ajiye aikin ta tafi.

Yarinyar da dillaliya ta kawo ba ta da wannan dama. A tsarin da aka saba, kuɗinta ba ya shiga hannunta. Dillaliya ce ke karɓa, ta cire nata, ta aika wa uwar yarinyar saura, a ce ana tara mata na kayan ɗaki. Yarinyar ba ta san nawa aka yanka ba, uwar gida ba ta san nawa ya isa ƙauye ba, uwar yarinya kuma ba ta san ƙofar gidan da 'yarta ke kwana ba. Idan rikici ya tashi, galibi da zargin sata yake farawa, ya ƙare a gaban mai unguwa ko ofishin Hisbah ko na 'yan sanda, inda ba a cika tambayar albashin watannin baya ba.

Inda doka ta tsaya

Dokokin Najeriya ba su yi magana da murya ɗaya ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, kuma hukuncin ɗauri ne daga wata shida zuwa shekara bakwai. Haramcin ya haɗa da mai nemowa da mai kaiwa da mai karɓa, wato dillaliya da uwar gida duka. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, ta hana sa yaro aikin gida a wajen gidansu ko wajen danginsa. Kaduna ta yi tata dokar kare yara a 2018, Kano kuma a 2023. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro. Najeriya ta kuma amince a 2002 da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan mafi ƙarancin shekarun fara aiki, inda ta tsayar da shekara 15.

Wannan togaciya ta dangi a dokar 2003 an yi ta ne don kada a mai da taimakon gida laifi, amma ita ce ta ba kalmar riƙo ƙarfin da take da shi yanzu. Da zarar an ce ƙanwata ce ko 'yar yayata ce, magana ta fita daga aiki ta koma zumunta, jami'in da ya zo bincike kuma sai ya nemo hujjar ƙaryata dangantakar da babu takardarta.

Manya ma ba su tsira ba. Dokar ƙwadago, wadda asalinta na 1971 ne, har yanzu tana kiran mai aikin gida da kalmar Ingilishi da ta yi daidai da bara, ta kuma bar wa minista ikon tsara sharuɗɗan aikinsu. Ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa, abin da da wuya a samu gidan da ya yi. Kundin tsarin mulki ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron rikicin aiki, har da na bautar da yara, amma mai rainon da ba a taɓa kiranta ma'aikaciya ba ba za ta yi tunanin wannan kotu tata ce ba. A 2024 Sanata Babangida Hussaini daga Jigawa ya gabatar da ƙudurin da ke neman a yi rajistar masu aikin gida da masu ɗaukarsu, alamar cewa majalisa ta san da giɓin.

Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna cewa kashi 39.2 cikin 100 na yara masu shekara 5 zuwa 17, wato fiye da miliyan 24, suna cikin aikin da bai dace da shekarunsu ba. Adadin ya haɗa da noma da talla da sauran ayyuka, amma aikin gida ya fi su wuyar gani, domin a bayan katanga ake yin sa.

Hatsarin bai tsaya kan yarinyar ba. Jaririn da aka bar wa 'yar shekara goma yana hannun wadda ba ta iya auna magani ba, ba ta san abin yi idan ya shaƙe ko zazzaɓi ya yi zafi ba, ga ruwan zafi da risho da tukunyar gas a kusa, ga kuma barcin da bai ishe ta ba. Idan tsautsayi ya faɗa, ita ake duka, alhali wanda ya ɗora wa yaro rainon yaro shi ya fara kuskuren.

Yadda wasu ƙasashe suka rufe ƙofar

Fakewa da sunan 'yar gida ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yi ba. A Birtaniya akwai tsarin da ake kira au pair, kalmar Faransanci mai nufin daidai da 'yan gida, inda matashiya daga wata ƙasa ke zama da iyali tana taya su raino tana koyon harshe. Shekaru da yawa dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasar ta keɓe duk mai aikin da ke kwana a gida kuma ake ɗaukarta kamar 'yar gida. Sai masu ɗauko mata daga ƙasashe matalauta suka riƙa fakewa da wannan togaciya suna sa su aikin dare da rana. Hukumar da ke ba gwamnati shawara kan albashi ta nemi a soke ta a 2021, aka kuma soke ta daga 1 ga Afrilun 2024. A Ingila kuma, wadda ke karɓar kuɗi tana rainon yara 'yan ƙasa da shekara takwas a gidanta fiye da awa biyu a rana dole ta yi rajista, hukumar Ofsted ce ke sa ido a kan tsarin.

Afirka ta Kudu, inda aikin gida ke da tarihi mai ɗaci tun zamanin wariyar launin fata, ta amince a 2013 da yarjejeniya mai lamba 189 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a 2011 don tabbatar da cewa mai aikin gida ma'aikaci ne kamar kowa. A 2020 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke cewa cire su daga dokar diyyar rauni a wurin aiki ya saɓa wa tsarin mulki, a 2022 kuma aka daidaita mafi ƙarancin albashinsu da na sauran ma'aikata. Ƙungiyar ta ƙiyasta a 2021 cewa masu aikin gida a duniya sun kai miliyan 75.6, kuma kusan uku cikin huɗu mata ne.

Abin da addini ya riga ya bayyana

Ga Musulmi, biyan mai raino ba baƙon abu ba ne. Halimatu Sa'adiyya ta zo Makka ne tare da matan Banu Sa'ad suna neman jariran da za su shayar a biya su, kuma ita ta shayar da Annabi Muhammadu (SAW). Ummu Aiman ta raine shi, ya kuma girmama ta har ƙarshen rayuwarsa. Aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ sun yi magana kan ladan shayarwa. Malaman fiƙihu sun ware babin shayarwa daban, babin raino daban, babin ijara daban. Shayarwa na ƙulla dangantakar da ke haramta aure. Ijara kuwa ba ta inganta sai an san aikin, an san ladan, an san wa'adin, kuma hadisi ya yi umarni da gaggauta biyan ma'aikaci.

Darasin da ke ciki shi ne lada bai rage wa Halima daraja ba, daraja kuma ba ta soke ladanta ba. Gidajen da ke ganin sai an zaɓi ɗaya, ko a kira mace Baba a hana ta kuɗinta, ko a biya ta a wulaƙanta ta, ba daga wannan tarihi suka koya ba.

Uzurin iyaye da abin da zai yiwu

Akwai uzuri na gaske a ɓangarorin biyu. Malamar firamare da albashinta bai wuce mafi ƙarancin albashi da yawa ba ba za ta iya biyan wata Naira 70,000 ba. Uwa a ƙauyen da 'yan bindiga suka hana noma tana ganin tura 'yarta birni ya rage mata baki ɗaya, ya kuma kawo ɗan abin sayen hatsi. Gaskiya ne kuma akwai gidajen da suka riƙe yaran mutane da amana, suka sa su makaranta, suka aurar da su kamar 'ya'yan cikinsu. Dokar da za ta rufe ido ga waɗannan ba za ta yi aiki ba.

Amma uzurin rashin kuɗi bai hana a kira abu da sunansa ba. Gidan da ya ce riƙo yake yi, sai a ga yarinyar a makaranta tare da 'ya'yan gidan, iyayenta su san inda take, a kuma daina karɓar kuɗi a kanta ta hannun dillaliya. Gidan da ya ce aiki ne, sai ya ɗauki babba, a faɗi aikin da iyakarsa, a yanka lada ko da kaɗan ne, a sa shi a hannun mai aikin, a ba ta ranar hutu. Wadda ba za ta iya biyan mai kwana ba tana iya ɗaukar mai zuwa da safe ta tafi da yamma, ko maƙwabta biyu su haɗa kuɗi su ɗauki mace ɗaya. Makarantu da asibitoci da sakatariyoyin gwamnati, inda mata suka fi yawa, suna iya ware ɗakin raino da ma'aikata manya, abin da zai rage buƙatar ƙananan yara fiye da kowane kame.

Masu unguwanni da limamai na da rawar da ba ta buƙatar jiran majalisa. Su ake kai wa ƙara idan abu ya lalace, don haka suna iya neman a zo gabansu tun ranar da aka kawo mai raino, a rubuta sunanta na yanka, da shekarunta, da garinsu, da lambar wayar iyayenta ko mijinta, da abin da za a biya, da wanda zai karɓa. Takarda ɗaya ce, kuma tana kare uwar gida kamar yadda take kare mai aikin. Kafafen yaɗa labarai da masu shirya finafinan Hausa su ma suna da nasu, domin muddin ana rubuta 'yar aiki a labarin yarinya mai shekara goma ba tare da an faɗi shekarun a kanun labari ba, mai karatu zai ci gaba da ganin rikicin uwar gida da ma'aikaciyarta a inda dokar 2015 ke ganin laifin da ke kai mutum gidan yari.